Gaya Wa Yayanki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Junaidu,

Ka ga na rubuta shi. Sai da na ajiye biron, na tashi na leƙa tukunyar da na san babu komai a cikinta, na dawo na zauna, sannan hannuna ya yarda. Ina gaishe ka gaisuwar uwa ga ɗanta. Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare maka hanyar da za ka bi gobe, ya kai ka Asheville lafiya, ya sa ka shiga karatun jami'a da ƙafar dama.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, amma ga ni ina rubuta maka wasiƙa kamar kana Kano. Ka san halina. In faɗa ne bakina ba ya neman hutu, har maƙwabtanmu na McLeansville da fili guda ya raba mu da su sun san muryata. In kuwa maganar cikin zuciya ce, sai harshen ya yi mini nauyi. Na san karatun Hausarka da sanda yake tafiya, to ka bi a hankali, babu mai korar ka. Kada ka ba wayarka ta fassara maka, za ta mai da ni mahaukaciya. Da a da ne, da ka miƙa wa Rukayya ta karanta maka kuna yi mini dariya. Yanzu kuwa tun bayan ƙaramar Sallah ba ka ce wa ƙanwarka ko sannu ba, ga shi gobe za ka tafi. Dalilin wasiƙar ke nan. Ba na so ka fita daga gidan nan kana gaba da ita, domin laifin da kake hukunta ta a kansa nawa ne, kuma zan warware maka shi tun daga tushe.

Tushen shi ne sunanka. A garinmu Bichi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai ta bar wata ta ɗauke shi. Kunyar ɗan fari ake ce da ita. Innata har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ce Lawal ba. "Wannan yaron" take ce wa yayana, alhali furfura ta fara fito masa a gemu. Kuma duk garin an san babu wanda take ƙauna kamarsa, domin a can kowa ya iya karanta irin wannan shirun. Kai kuma abin ya zo maka biyu: kai ne na fari, sannan sunan kakanka aka sa maka, mahaifin Babanku, surukina, wanda ko a mafarki ba zan ambaci sunansa ba.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, a can akwai gwaggo, akwai kaka, akwai matan maƙwabta, masu ɗaukar yaro su yi ta cilla shi sama suna kiran sunansa daga safe har magariba. Uwa ta yi ta kunyarta, yaro bai rasa komai ba. Nan kuwa, a ɗan gidan hayar da muka fara zama a bayan titin Wendover, daga ni sai kai sai ƙarar motoci. Babanku yana jami'a yana fama da digirinsa, ba ya dawowa sai ka yi barci. Na ɗauko kunyar na sako ta a jirgi, na baro masu cike gurbinta a Bichi, kuma ban lura ba.

Kana shekara biyar ka ɓace mini a ɗaya daga cikin manyan kantunan nan na Wendover. Ina zaɓen tawul, Rukayya tana goye a bayana, na waiwaya babu kai. Na shiga bin layi-layi da gudu, zanena yana neman kwancewa, ina ihu, "Kai! Kai!" Wata ma'aikaciyar kantin ta tare ni, ta ce in kwantar da hankalina, ta ja ni zuwa wurin lasifika. Ba ta ma tambaye ni sunanka ba, ta riga ta ji. Ta sa baki ta ce, "Kai, your mommy is looking for you." Ashe a ƙasar nan Kai suna ne. Sai ga ka ka fito daga wajen kekuna da gudu, ka rungume ƙafata. Ka amsa, domin da shi ka san ni.

Shekara da shekaru ina ba da labarin nan a wurin suna da biki, mata suna dariya har da riƙe ciki. Ni ma ina yi. Sai yanzu nake tuna cewa kai ba ka taɓa yin dariyar ba, sai dai ka tashi ka ce za ka ɗebo ruwa. Ɗana ya ɓace a cikin baƙi, hankalina ya tashi har ina ganin duhu, duk da haka na kasa buɗe baki in kira shi, kuma na mai da wannan abin ban dariya. Ga shawarata ta farko: in kana ƙaunar mutum, ka gaya masa da baki, da kalmomin da yake ji. Kada ka bar shi ya yi ta canke, domin wanda aka bari da canke mafi munin abu yake zaɓa.

Da Rukayya ta fara magana sai na sami mafita, ko in ce na ɗauka na samu. "Gaya wa yayanki abinci ya sauka." "Gaya wa yayanki ya kashe fitilar nan, ba ubansa ne ke da kamfanin wuta ba." Kana zaune a falo, ina tsaye a ƙofar kicin, tsakaninmu bai kai a ɗaga murya ba, sai yarinya ta taso da ƙananan ƙafafunta ta kai maka. Har ta iya aikin fiye da yadda na so. Ranar da ka tara gashin nan kamar sheƙar tsuntsu na ce, "Gaya wa yayanki in bai je aski ba ni zan yi masa da almakashin ɗinki." Ina jin ta ta je ta ce, "Yaya, Mama says your hair is nice, amma wai a ɗan rage." Tun tana 'yar firamare take tace maganata kafin ta iso gare ka, tana cire tsakuwar, taka ma haka take yi mata kafin ta iso gare ni. Na yi ta alfahari ina cewa Allah ya ba ni 'ya mai hankali. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko daidai ne yarinya ta girma tana dakon magana tsakanin uwarta da yayanta.

Kada ka yi wa kowa haka. In kana da magana da mutum, ka taka da ƙafarka ka je. Duk wanda ka sa a tsakani, ranar da abu ya ɓaci shi zai fara jin ciwo, kuma shi za a zarga daga ɓangare biyu.

Yanzu zan zo kan ranar. Ba ka taɓa jin yadda ta faru ba, domin ka ƙi tsayawa Rukayya ta gaya maka, ni kuma ban yi ƙarfin hali ba.

A wurin cin abincin Sallah wata Hajiya, ka san ta, wadda idonta ba ya wuce komai, ta ja ni gefe. Ta ce ta gan ka a Elm Street kana shan shayi da wani yaro, kuma wai zaman naku bai yi mata kama da na abokai ba. Ta faɗa tana murmushi tana gyara mayafi, ta ƙara da cewa ita dai don Allah ta faɗa. Na ce mata na gode, na ci gaba da raba nama. Da ma na jima ina lura da kai da Rukayya, kuna ƙus-ƙus da Turanci, in na shigo sai ku yi tsit.

Da Asabar ta zagayo na ce Rukayya ta raka ni cefane. Muka gama, muka zuba kaya a bayan mota, muka shiga. Rana tsaka, filin ajiye motoci cike da jama'a. Ban tada motar ba.

Na ce, "Me yayanki yake ɓoye mini?"

Ta ce, "Mama, ask him."

Na ce, "Ke nake tambaya."

Ta ce, "Mama, don Allah. Na yi masa alkawari."

Na lallashe ta, ta ƙi. Na yi mata tsawa, ta ƙi. Na ce zan karɓe wayarta, ta ciro ta da kanta ta ajiye mini a cinya. Ina so ka san wannan, Junaidu: duk abin da uwa take tsoratar da 'ya da shi na gwada, ƙanwarka ba ta motsa ba. Sai na ɗauko abin da bai kamata in taɓa ba. Na dube ta na ce, "In kin san wani abu a kansa kika ɓoye mini, ban yafe miki ba. Duniya da lahira ban yafe ba."

Ka san abin da aka karantar da ku a Islamiyya game da bakin uwa. Ni ma na sani, shi ya sa na faɗa. Yarinya 'yar shekara goma sha shida, na ɗora mata wuta a hannu ɗaya, yayanta a ɗaya hannun, na ce ta zaɓa. Ta ƙanƙame bel ɗin kujera da hannu biyu. Ta faɗi kalmar da Turanci, can ƙasa-ƙasa, "He's gay, Mama." Sannan ta buɗe ƙofa ta yi amai a kan kwalta. Da ta ɗago, ba ta roƙe ni in rufa mata asiri a wurinka ba. Cewa ta yi, "Mama, ki janye. Take it back. Ki ce kin yafe." Ni kuwa na tada mota. Har muka iso gida tana maimaitawa, ni hankalina yana can wani wuri. Sai bayan kwanaki na tuna ban janye ba, na tarar ita ba ta manta ba, da abin take kwana take tashi.

Wannan ita ce cin amanar da kake fushi a kanta. Ba ta sayar da kai ba, ƙwace ka na yi daga hannunta da ƙarfin da Allah ya ba ni don in yi muku addu'a. Na roƙe ta gafara, na kuma roƙi Allah. Kai ma wata rana za ka sami kanka da iko a kan wani, ƙaramin ma'aikaci ne, ko yaro, ko wanda yake son ka fiye da yadda kake son sa. Za ka san daidai wurin da in ka danna zai durƙusa. Kada ka danna. Abin da za ka samu ta wannan hanya ba zai yi maka daɗi ba.

Sauran ka sani, kana wurin. Na shigo na tarar da kai a kicin kana soya ƙwai. Uwa ta ji magana mafi nauyi a rayuwar ɗanta, kuma abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Me za mu gaya wa mutane?" Ban tambaye ka yaya kake ba. Ban tambaye ka tun yaushe kake ɗauke da wannan kai kaɗai ba. Hajiyar nan mai mayafi ce ta fara zuwa mini a rai kafin kai. Ka kashe murhu, ka juyo, ka ce:

"Mama, I thought you knew. Tun ina ƙarami na ɗauka kin sani. Na ɗauka shi ya sa ba kya iya faɗin sunana."

Abin da nake yi don girmanka a zuciyata, kai shekara da shekaru kana karanta shi a matsayin ƙyama. Duk kau da kan da na yi ranar da aka ba ka kyauta a makaranta, duk "gaya wa yayanki", kana tarawa kana cewa ta gane, kuma ba ta iya kallona. Ban sani ba, Junaidu. Ban san komai ba sai ranar. Kunya ce ta Bichi, irin wadda aka yi wa kawunka Lawal, babu abin da ya haɗa ta da yadda kake. Ko a lokacin ma ban iya gaya maka haka ba, na tsaya riƙe da ledar tumatir. Kai kuma ka dubi Rukayya da ke rakuɓe a bakin ƙofa, kallo ɗaya, ka wuce ɗakinka.

Ba zan yi maka ƙarya a takarda ba. Abin da aka karantar da ni tun ina yarinya yana nan a kaina, ban goge shi ba, kuma ban san yadda zan haɗa shi da kai ba. Ina kai goshina ƙasa ina tambayar Allah, har yau ban sami amsar da zan iya rubuta maka ba. Ina jin tsoro, ina jin baƙin ciki, wata rana har haushi nake ji ban san na wa ba. Amma na lura da abu ɗaya. Yaron da ya soya mini ƙwai da safiyar ranar, mai cika gishiri, mai kai ni aiki in motata ta ƙi tashi, shi ne dai na tarar da na dawo. Kai ba ka canja ba, ni ce na ji wani abu. Kai ɗana ne, gidan nan gidanka ne, kuma mabuɗin da ke aljihunka kada ka kuskura ka ajiye mini shi a kan tebur gobe.

Na nemi kalma a harshenmu da zan kira yadda kake, duk wadda na ɗauko sai in ga zagi ce. Na san su duka, na sha jin ana jifan mutane da su. Ni ma na yi jifan, muna kallon talabijin, kana zaune a ƙasa kusa da ƙafata kana ji. Ban san sau nawa ba, kai na san ka sani. Kada ka tafi da waɗannan kalmomin Asheville, kada ka kira kanka da su ko da a cikin zuciyarka. Kuma kada ka saki sallah don wani ya ce maka ba ka cancanta ba. Ban ga wanda aka ba aikin tsaron ƙofar ba. Na sa maka dardumarka a ƙasan akwati, wadda ka saba, ba sabuwar ba.

Yaron nan Daniel da kuke aiki tare a wurin ajiyar kaya, wanda ya kawo ka gida ranar da ƙanƙara ta rufe hanya, na gan shi da kyau. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an gaya masa ba. Ya ci tuwo da cokali, yajin ya sa shi hawaye, ya ce a ƙara. Ban san matsayinsa a wurinka ba, ko in ce na sani, ina jin nauyin rubutawa. Abin da zan ce kawai, shi ne ko wani ne, ka duba halinsa da rana a gaban jama'a. Kada ka yarda da wanda zai so ka a ɓoye ya kau da kai a bainar mutane. Ka sha wannan a hannuna, ya ishe ka. Sannan ka yi hattara da inda kake sa ƙafa da wanda kake sakin baki a gabansa. Baƙar fata ne kai, Musulmi, ga kuma wannan. Ba kowa ne mai yi maka murmushi zai tsaya maka ba.

Babanku ni na gaya masa, a ranar, ban jira ka ba, ban nemi izininka ba. Wannan ma ka sa a cikin laifuffukana. Ka ga yadda ya yi tun daga nan, gaisuwa da amsa gaisuwa. Ban san abin da ke ransa ba, kuma na daina yi wa mutane tafinta. Abin da na gani da idona shi ne ya ɗauki hutu a wurin aiki don ya kai ka da kansa, ya kai motar aka duba mata taya da birki, jiya kuma na same shi a gareji yana ɗaɗɗaure kwalayenka da igiya kamar Bichi za a kai su a bayan akori-kura. Hanya tana da ɗan tsawo. Ka tambaye shi. Wataƙila abin da zai faɗa ya yi maka zafi, ban yi maka alkawari ba, amma gara ka ji daga bakinsa.

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba game da kawunku Lawal. Kun san muna gaisawa da Sallah, gaisuwar da ba ta wuce ta maƙwabta ba, kun ɗauka haka muke tun asali. Ba haka muke ba. Shi ya koya mini keke a bayan gida lokacin da ake cewa mace ba ta hawa. Shi ya tsaya wa Baba har aka bar ni na gama sakandare. Da Inna ta kwanta ciwon ajali ina nan, ina da cikin Rukayya, sai ya hana kowa ya gaya mini, wai kada hankalina ya tashi a ƙasar mutane. Duk kiran da na yi sai ya ce tana barci, ko ta shiga maƙwabta. Sai da aka binne ta na ji. Na ce masa abin da na ce, na kashe waya.

Na ɗauka fushin wata ɗaya ne ko biyu. Amma da a ce a Bichi nake, da dole mu haɗu a gidan suna, dole wata gwaggo ta zaunar da mu ta zage mu tas mu shirya. Nisa ba ya yin haka. Nisa taimakon fushi yake yi. Ba sai ka yi komai ba, kawai ba za ka kira ba yau, gobe ma haka, sai ka wayi gari an aurar da 'ya'yansa kana gani a hoto. Yanzu na daɗe da hucewa, na ma gane don ni ya yi, amma in na ɗauki waya ban san me zan ce masa ba bayan yaya iyali. Shi ya ɓoye mini magana na yanke shi, Rukayya kuwa an tilasta mata ta faɗi taka ka yanke ta. Ina gaya maka a matsayin wadda ta riga ka bin hanyar, in ka tafi gobe a haka, ba za ka dawo da Kirsimeti ka tarar da abin yadda ka bar shi ba. Zai yi tauri.

Ka san abin da ya fi ci mini rai a watannin nan? Ranar da ka shigo ka ce, "Mama, gaya wa 'yarki ta kwashe takalmanta daga hanya." Tana tsaye a gabanka. Na ji muryata ce ta fito daga bakinka. Ka daina kiran sunanta, ka daina kallonta, kana aiken saƙo ta hannun wani, duk ni na koya maka. Sai dai nawa shirun, duk wautarsa, ƙauna ce a cikinsa, naka kuwa horo ne, kuma ta san bambancin.

Ita ta gaya mini yadda ka fara faɗa mata, ba da tilas ba wannan karon, da kanta, tana wanke-wanke. Wai kuna tashar bas ta cikin gari kuna jiran mota, tana shekara goma sha huɗu, kana riƙe da soyayyen dankali ka kasa ci. Ka faɗa mata kana kallon ƙasa. Ita kuma ta ce, "Okay. Za ka cinye dankalin nan ko in cinye?" Ta ce ka yi dariya har ka yi kuka a gaban mutane. Kusan shekara biyu ta riƙe maka. Ta yi mini ƙarya saboda kai, yarinyar da ba ta iya ƙarya ba. Ta yi dambe da wata a Islamiyya aka kira ni, na dake ta a kan ta faɗi dalili ta ƙi, sai yanzu na san maganarka aka yi. A duk garin nan, har da ni da na haife ka, babu wanda ya ji labarinka ya karɓe ka nan take ba tare da sharaɗi ba sai ita. Inda za ka, za ka sami abokai masu fahimtarka fiye da mu, ina ma yi maka fatan haka. Amma ba za ka sami wata wadda ta san ka tun kana tsoron injin aski ba.

Har yanzu tana ce maka Yaya. Kullum da safe tana faɗa, kana wucewa kamar iska ce ta kaɗa labule. Ta rame, ba ta gama abincinta, ta daina zama a falo in kana nan don kada ta takura maka a kwanakinka na ƙarshe a gida. Rigunanka da ka tarar a goge a kan gado, ka ce mini na gode, ba ni na goge ba.

Ɗazu ta same ni a kicin ta ce, "Mama, ki tambaye shi ko zan iya bin ku gobe." Na ce mata ba zan tambaya ba. Na ce a gidan nan an daina aike, daga yau duk mai magana ya kai kayarsa da kansa. Ta ce tana jin tsoro. Na ce na sani.

Na je na duba motar. Da kwalaye da akwati da ƙaramin firjin nan da ka nace sai ka tafi da shi, wurin mutum ɗaya ne ya rage a baya. Nawa ne. Na daɗe ina shirin ranar da zan raka ɗana na fari jami'a, har ɗinki na yi. To ba zan je ba. Zan tsaya a bakin ƙofa in yi maka addu'a daga nan, kuma zan kira ka da sunanka, da baki, a gaban Babanku. Rukayya za ta fito ta tsaya kusa da ni, na san ta, da takalmi a ƙafarta, ba za ta iya tambayarka ba. Ba zan tura ta ba, ba zan yi maka ido ba, Babanku ma na gaya masa kada ya sa baki. In ka kira ta, ta shiga. In ba ka kira ta ba, wurin ya tafi Asheville babu kowa a kai, ni da ita mu koma ciki.

Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin zuciya. Allah ya haɗa ka da malamai masu adalci da abokai masu amana. Allah ya ba ka lafiya, ya buɗe maka ƙirji, ya shiryar da mu baki ɗaya zuwa ga abin da yake so, ni da kai. Duk abin da ka taɓa yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, na yafe maka duniya da lahira, kuma wannan ba ya jiran abin da za ka yi gobe. Kai ma ka yafe mini in za ka iya.

Na dama fura na sa a firji, kwalba uku, ta hanya ce. Ban san ko ukun za a sha ba.

Wassalam.

Mahaifiyarka